Gurbi Biyar

Ƙarfe shida na yamma a Omaha,
dusar ƙanƙara ta binne motoci a waje.
Mu talatin ne a ɗaki guda,
kowa da waya maƙale a kunne,
kowa na sallama a gidan da ba a gayyace shi ba.

"Sunana Marlys. Minti takwas nake roƙo."
Yawanci kan kife waya kafin in dire.
Ba na jin haushi.
Wa ke son a tsayar masa da loma
don a ji ra'ayinsa kan bindiga?

Gurbi biyar aka ba ni:
na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba,
ban yarda ba, sam ban yarda ba.
Da su zan auna ƙasa guda,
kamar mai auna kogi da ludayi.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
ni kuwa murya kaɗai ke iso mini.

Dattijo Orval, can gindin tsauni a Wayomin,
ya ce, "Yarinya, ɗan sanda mafi kusa da ni
tafiyar awa guda ce, in hanya ta yi kyau.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Bindigar kakana ce.
Ita ta ciyar da mu naman barewa
shekarar da banki ya karɓe gona."
Ya yi tari. Na ji kare na haushi daga nesa.
"Ita kuma ƙanena ya saɓa wata Lahadi,
ya zaga bayan garke, bai dawo ba."
Na ce, "Yallaɓai, wane gurbi zan cike?"
Ya ce, "Sa na yarda ƙwarai."
Na sa.
Ƙanen bai samu gurbi ba.

Odessa Pruitt ta Memfis,
tukunya na tafasa a bayan muryarta:
"Lavell nawa, shekara sha bakwai,
bas yake jira da kwallo a hannu.
Ba shi aka nufa ba,
amma harsashi bai iya karanta suna ba.
A kwashe su duka a zuba a Misisifi!"
Sai na kai tambaya ta tara:
"Akwai bindiga a gidanki?"
Tukunya ta ci gaba da tafasa.
"Akwai. Mako biyu bayan jana'iza na saya.
Tana ƙarƙashin matashi.
Kar ki rubuta."
Na rubuta. Da shi nake biyan haya.

Wani saurayi ya ce, "Gwamnati ce ta aiko ki?"
Ya kife.

Wata malamar firamare ta amsa duka cikin minti shida,
sannan ta ce ita ke koya wa 'yan shekara biyar
wasan ɓuya cikin kabad, fitila a kashe.
Wanda ya fi kowa shiru
shi ake ba alewa.

Mista Dvorak ya dafa kujerata:
"Minti takwas, Marlys, ba ashirin ba.
Lamba muke saye, ba labari ba."

Jibi za a nuna a talabijin,
sanda ja, sanda shuɗi, wannan ya ɗara wancan kaɗan,
masu kwat su yi ta cacar baki a kai.
Can ƙasa, da ƙananan haruffa:
ƙila akwai kuskuren kashi uku.
Nakan ce a raina, a nan suke zaune,
cikin kashi ukun nan,
ƙanen Orval, da matashin Odessa,
da yaron da ya ci alewa.

Sha ɗaya na dare na iso gida.
Saman kabad, cikin kwalin takalmi,
ƙaramar bindigar marigayi Lyle ke kwance.
Shekara shida ban buɗe ba,
shekara shida ban sayar ba.

Wayata na kan tebur.
Ba a taɓa kirana ba.
Ran da aka kira, na san abin da zan ce:
"Yi haƙuri, 'yar nan,
abinci nake ci."